Zare Mai Ƙulli Uku

"Saka mu shiga," in ji Abba, yana miƙo mini alkyabbar 'yan makarantar tsafi ta littattafan da na haddace ina ƙarama.

A ƙofar wurin wasan muke, ranar Dubai tana gasa mu. Na zura, hannun rigar ya tsaya a gwiwar hannuna.

"Shekarata sha shida, Abba. Shekara bakwai kana ce mana baɗi, inshallah. Littattafan ma na rabar."

Na cire na jefar gabansa.

Ya buɗe walat, ya zaro zare mai ƙulli uku da Umma ta auna ni da shi ranar da zai bar Kano.

"Telan ya ce in nemi sabon awo," in ji shi. "Na ce masa ai na san 'yata."