Ƙofar Baya

Tun da aka kawo motocin haya marasa direba, Kawu Ɗanlami bai taɓa hawa ba. Ƙofa biyu gare su, ta maza a gaba, ta mata a baya, kuma ƙofar ce ke zaɓar wanda za ta buɗe wa. Ba wanda za ka roƙa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, waina yake sayarwa a tasha. Ɗan daudu, in ji mutane. Ranar da ƙafarsa ta kumbura, dole na kai shi asibiti.

Na tsaya a ƙofar gaba, ta buɗe. Kawu ya matso, ta rufe ruf.

"Har mota ta ƙi ka!" in ji wani mahauci. Aka kwashe da dariya.

"Mu koma gida, Kawu."

"Da wace ƙafar, ɗan nan?"

Ya ɗingisa zuwa baya. Ƙofar ta buɗe a hankali, matakalar ta sauko daidai ƙafarsa. Dariya ta ɗauke. Abin da gidanmu ya daɗe yana ƙin gani, ƙarfe ya gani a kallo ɗaya.

Matan da ke ciki suka zuba masa ido. Can wata tsohuwa ta janye kwandonta.

"Shigo mana, baiwar Allah, kina ɓata mana lokaci."

Na shiga ta gaba, mota ta tashi. Na leƙa ta labulen tsakiya, na dubi Kawu, wannan karon ban ce Kawu ba.

"Inna, kin samu wuri?"

"Na samu," ta ce, tana share ido da bayan hannu.