Tsokar da Ta Daina Bugawa

Tsokar da ke cikin kwalbar ta daina bugawa.

Likitar ta daskare. A ɗakin bincikensu, daga kitsen cikin mutane suke ciro ƙwayoyin halitta, su raine su har su zama tsokar zuciya. Sun kuma lura duk tsokar da ta tsaya, mai ita ba ya kwana a duniya. Mahaifinta na cikin waɗanda suka bayar.

Nan take ta kira shi a waya.

"Baba, lafiyarka?"

"Garau, 'yata. Wani kitsen kuke so? Tumbin yana nan."

Abokiyar aikinta ta leƙa kwalbar, ta ja da baya.

"Ta Baba ga ta can tana bugawa. Kin manta ke ma kin bayar?"