Ɗan Kallo Ɗaya

Kujerar ta tarwatse a gadon bayan ƙaton, ƙafarta ɗaya ta yi tsalle ta faɗo daga kan dandamali.

"Ba haka ake faɗuwa ba!" Daraktan ya daka masa tsawa. "Kai buhun siminti ne? Tashi mu sake."

Ƙaton ya miƙe yana shafa ƙeya. Aro shi aka yi da safen nan, don jarumin da ke fitowa a saurayi ba zai zo ba. Bawan Allahn bai san komai ba a wasan kwaikwayo, ga wasu jibga-jibgan takalma da ke sa katako kuka duk inda ya taka.

Shekara ashirin da shida daraktan ya yi yana shirya tsohon wasan nan na masoya biyu da gabar gidajensu ta cinye. Ya sha cika zauren nan har ana zama a taga. Yau kuwa ɗan kallonsa ɗaya ne tak, wani siririn mutum a layin gaba, littafi a cinya, fuska ba annuri. Idan mutumin nan ya fita bai gamsu ba, 'yar daraktan, wadda ita ce jarumar wasan, tata ta ƙare. Ita ke nan Allah ya ba shi. Bai taɓa jin tsoron ɗan kallo irin na yau ba.

Abin da zai nuna gajere ne. Saurayi ya ritsa yarinya a lungu, uba ya faɗo musu, aka kaure. Yarinyar tana tsaye jikin labule, ta naɗe wuya da gyale duk da zafin da ake yi.

"Baba, don Allah bari in..."

"Ba ki da magana a wannan fitowar. Ki tsaya inda na ajiye ki."

Kullum abin da yake koya wa ɗalibansa ke nan. Ka cika wa mai kallo ido da hayaniya a dama, ba zai waiwayi hagu ba. Kada a yi gaggawar mutuwa. Bayan sukan wuƙa kuma a yi shiru, shirun ya fi ihu shiga jiki.

Ya sake afka wa ƙaton. Ya shaƙo kwalarsa, ya haɗa shi da bangon katako har fenti ya zubo, ya ɗaga wuƙar roba sama ya sauke masa a ƙirji. Ƙaton ya zube. Zauren ya yi tsit.

Siririn mutumin bai ko motsa ba.

"Malam, ban gamsu ba," ya ce. "Kai dogo ne, ka kuma soke shi daga sama. Sukan daga ƙasa ya kamata ya zo, ƙarƙashin haƙarƙari. Gajeren mutum ne ke irin wannan."

Ya ɗan karkata kai wajen labule, inda yarinyar take tsaye. Daraktan ya yi wuf ya tari numfashinsa.

"Ai ban gama ba, ranka ya daɗe. Na tsallake tsakiya ne, tsufa." Ya juya ga ƙaton. "Naushe ni. A baki. Da gaske nake."

Ƙaton ya dubi na layin gaba, aka gyaɗa masa kai. Da ma yana cike da haushin kujerar. Naushin ya sauka, leɓe ya fashe, haƙori ɗaya ya yi nasa wuri. Daraktan ya durƙushe, jini na bin gemunsa. Ƙaton ya danno shi ya shaƙe masa wuya da hannu biyu kamar yadda aka tsara, har idanun tsohon suka firfito. Yarinyar ta toshe baki da gyalenta. Daga durƙushen nan tsohon ya tura wuƙar sama, ta sauka daidai ƙarƙashin haƙarƙari.

Ƙaton ya sake shi a hankali, ya ja baya taku biyu, ya zame jikin bango. Wannan karon kam ya faɗi da kyau. Ba a jin komai sai numfashin tsohon.

Mutumin ya daɗe yana rubutu. Sannan ya rufe littafin ya miƙe, bai tafa ba.

"Yanzu ya zauna daidai," ya ce. "Yarinya, je ki gida. Kofur, tashi ka sa masa ankwa."

Daraktan ya miƙa hannu biyu yana murmushi da fasasshen baki, bai yarda ya dubi labule ba. Siririn mutumin, sufeton 'yan sanda, ya tafi da amsar wanda ya kashe jarumin wasan jiya da yamma, alhali wuƙar gaskiyar ba ta shiga hannun uban ba sai da ya ɓamɓare ta daga yatsun 'yarsa.