Isiyaku Mai Sauka Daga Keke

Duk wanda ya taɓa gamuwa da Isiyaku a hanyar tafki abu ɗaya zai gaya maka: kafin ka ƙaraso, bawan Allah nan yana ƙasa, riƙe da kan kekensa, ya russuna.

Haka tarbiyya take a Unguwar Dutse, can gefen Randagi. Ƙarami ba ya gai da babba yana bisa keke. Amma 'ya'yan yanzu, Allah ya shirya, sai su ɗaga maka yatsu biyu su fantsama maka taɓo. Shi ya sa Wakili, dattijon unguwar, ba ya gajiya da yabon Isiyaku.

Hanyar kuwa shiru gare ta. Ta taso daga gindin dutse, ta zagaye tafki, ta ratsa fadamar shinkafa, ta ɓulla gindin tsamiyar kasuwa. Mota ba ta bi, masu babur ba sa son santsinta, sai balbela da kwaɗi. Shekara goma sha biyu Isiyaku na bin ta kullum da kwandon kifi ɗaure a bayan keke. Matarsa Huraira ba ta da kuka da shi sai ɗaya, wai yana cin takalmi kamar gara.

To, duk bayan yankan shinkafa ana tseren keke a wannan hanya tsakanin Unguwar Dutse da mutanen ƙetaren tafki. Garin da ya sha kashi, dattijonsu ne zai ja rago da hannunsa ya kai wa masu nasara, mata na binsa da guɗa. Shekara uku a jere Wakili na jan rago, saboda wani dogon yaron ƙetare, Gideon, mai ƙafa kamar zalɓe. Bakoji, dattijon ƙetare, ko a wajen jana'iza suka haɗu sai ya matso kunnen Wakili ya yi kukan rago a hankali.

Bana Wakili ya ce ko sama za ta faɗo ba zai ja ba.

Ya tafi gidan Isiyaku da kansa. Ya tarar da keken jingine da bango, sirdinsa fes, ga wata akuya ɗaure da tsohuwar sarƙa tana cin ɓawon rogo.

"Kai za ka hau mana bana," in ji Wakili. "Ba wanda ya san hanyar nan kamarka."

Isiyaku ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ce wa babba a'a ba.

"To, Baba."

Huraira ta toshe baki da mayafi ta ruga ɗaki, kafaɗunta na rawa. Wakili ya ce a ransa, kukan murna ne, baiwar Allah.

Ranar tsere da hantsi aka busa usur. Gideon ya ɓace kamar an harba shi. Isiyaku na tsaye.

"Hau mana!" Wakili ya daka tsawa.

"A gabanku, Baba?"

Ya tura keken da gudu har ya sha kwanar dutse. Nan Wakili ya gane inda matsalar take, ko dai ya ɗauka ya gane. Ya sa aka kwashe duk mai furfura daga hanya, har da wata tsohuwa mai tsinkar lalo, aka ɗauke ta da kwaryarta tana zagi. Shi kuma ya yanke ta kunyar gona, ya laɓe cikin ciyawar fadama don ya gani da idonsa.

Can sai ga Isiyaku, gumi sharkaf, yana tura keke da gudu.

Wakili ya sunsuna rigarsa. Lallai ƙamshin turarensa yaron ya jiyo tun daga nesa, ya sauka. Wannan ladabi ai ya zama cuta.

Amma fa Allah ya yi nasa ikon. Shanu sun sha ruwa a nan da asuba sun dame hanya, Gideon ya afka ciki har gwiwa, yana ja yana kiran uwarsa. Isiyaku, da ya san inda ake taka kowane dutse, ya wuce shi salin-alin, har da yi masa sannu.

Saura miƙaƙƙiyar hanya, busasshiya, ga tsamiya can ana hango ta. Gideon ya fizgo kekensa daga laka.

Wakili ya faso daga ciyawa. Ya juya baya, ya lulluɓe kai da babbar riga.

"Ba na ganinka! Na yafe gaisuwar har ta baɗi! Hau, don girman Allah!"

Isiyaku bai hau ba. Sai ƙararrawar Gideon tana matsowa.

Wakili ya hango kansa riƙe da igiyar rago karo na huɗu, ya ji kukan Bakoji a kunnensa. Ya fizge keken, ya naɗe riga, ya ɗare sirdi da ƙarfin da bai san yana da shi ba, ya taka feda. Ƙafafunsa suka wulwula kamar fanka, keken bai motsa ko taku ɗaya ba. Ya yi tangal-tangal, ya karkata a hankali, ya zube cikin fadama tim.

Gideon ya wuce, ya ɗaga masa yatsu biyu.

Huraira ce ta fara isowa. Ita da mijinta suka zaro dattijo daga laka, hularsa na yawo a kan ruwa. Ya tofar da ciyawa, ya ƙura wa keken ido, ya daɗe yana kallo.

"Ina sarƙar keken nan?"

"Ai ka gan ta, Baba, a wuyan akuyata," in ji Huraira, tana matse masa hula. "Shekara goma sha biyu tana can. Me zai yi da sarƙa, mutumin da tun da ya sayi keken bai taɓa iya hawa ba?"