Dardumar Hukuma

Tun da hukuma ta kafa na'ura a bakin kogi, ba mai taɓa kwalekwale sai ta tambayi lafiyarsa.

"Baba Jatau, ya jiki?"

"Lafiya lau," in ji tsohon ɗan fiton. Namiji ba ya kai ƙarar gwiwarsa.

"Haka bakinka ya ce. Amma a zaune ka yi Asuba. In ka sake, ka bar fito."

Ya koma gida yana hararar matarsa.

"Kande, ke kika faɗa?"

"Ni, Malam? Ina madafa fa."

Ya daɗe yana kallon dardumar da hukuma ta raba kyauta. Ya naɗe ta, ya zaro tsohon buzunsa.

Da la'asar na'urar ta ce, "Baba Jatau, ba ka yi Azahar ba. Lafiya?"