Jirgi Mai Koriyar Wutsiya

Labulen ya rufe ta ruf tun kafin tayoyin jirgin su bar ƙasa. Afra'u Maiwada tana kujerar baya, ba ta ganin sama, ba ta ganin ƙasa, sai agoguna da alluransu a gabanta. Haka ake koyon tuƙi cikin gajimare: a toshe maka duniya, ka yarda da abin da allura ta nuna ko da jikinka na rantsuwa ƙarya take yi. A kujerar gaba malaminta ne, Oga Garba, mutumin da ko sannu sai ya auna kafin ya ba ka.

Yau ce jarrabawar ƙarshe, dokar kuwa ba ta da kwana-kwana. Idan malami ya ƙwace tuƙi daga hannun ɗalibi a irin wannan rana, an gama. Haka ta faru da Haruna, abokin karatunta. Ga shi can a ofis yana buga hatimi, in ya ji jirgi zai tashi sai ya rufe taga.

Matsalar Afra'u minti na goma sha ɗaya ce. Hanyar atisayensu daga Kano take miƙewa gabas, a sauko zuwa tsawon ƙafa dubu biyu a saman ƙasar Gaya, a karya ta Ajingi a dawo. Sau biyar suna bin ta. Sau huɗu, daidai wannan minti, muryar Oga Garba ta faɗo mata a kunne: "Na karɓa." Sai jirgi ya kwanta hagu, ya kwanta dama, ya daidaita. "Karɓi abinki." Shi ke nan, ba faɗa, ba bayani. Kuma ba a haifi ɗalibin da zai tambayi Oga Garba dalili ba.

Ta bi littafi shafi-shafi tana neman laifinta, ba ta gano ba. Ta kashe wayarta mako uku, ko gida ba ta kira. Da wane baki? Ita ce da rawar kai irin ta sabon shiga ta aika wa yayanta Ahmad hoton jirgin nan, ranar da aka fito da shi daga fenti don bikin rundunarsu. Sauran jiragen duk ruwan toka ne, shi kaɗai wutsiyarsa kore da fari, jan layi ya ratsa tsakiya. Ta rubuta, "Wannan ne nawa." Ahmad ya nuna wa Baba, Baba kuwa cikinsa ba ya riƙe albishir. Kafin kasuwar Ajingi ta sake ci, har masu awon gyaɗa sun san 'yar Malam Maiwada na Balan tana tuƙa jirgin yaƙi.

Rana ɗaya tak malamin bai taɓa mata tuƙi ba, ranar da nata yake hannun makanikai aka ba su wani mai ruwan toka. Ta ɗauka sa'a ce kawai ta leƙo ta.

Minti na tara. Ta rage wuta, allurar tsawo ta fara gangarowa.

Minti na goma. Ƙafa dubu biyu cif. Kunnuwanta suka fara raya mata cewa jirgin ya karkata dama, hannunta na ƙaiƙayin gyarawa. Ta cije leɓe ta kafa wa agogon tsakiya ido. Ya ce a miƙe take. Ta yarda da shi.

Ta san garinsu na nan ƙarƙashinta, garin da ba ta taɓa gani daga sama ba. A gefen labulen akwai 'yar kafa da haske ke shigowa, yatsa ɗaya ya isa ya buɗa ta. Ba ta ko kalli wajen ba. Gudu daidai, tsawo daidai, hanya daidai. Kowace allura ta tsaya cak kamar an manna ta. A ranta ta ce, ya Allah, yau kam babu abin da zai kama.

"Na karɓa."

Hagu. Dama. Daidai.

"Karɓi abinki."

Ta karɓa, don babu yadda za ta yi. Zuciyarta ta gama karyewa, amma jirgi ba ruwansa da zuciyar kowa. Ta karya ta Ajingi da hawaye na taruwa a bakin abin shaƙar iskarta, ta kawo shi Kano a kan allura, har malamin ya ce ta yaye labule, ga titin sauka a gabanta sambal. Ko daɗinsa ba ta ji ba. Tana ta tsara yadda za ta gaya wa Baba.

A ƙarƙashin fiffike Oga Garba ya sa hannu a takarda ya miƙa mata. Ta duba, ta sake dubawa. Ta ci, da maki mafi yawa a ajinsu.

Tsoro ya bar ta, haushi ya maye gurbinsa. "Yallaɓai, ka ƙwace mini tuƙi. Sau biyar ke nan. Me nake yi ba daidai ba?"

"Ba ki taɓa kuskure a nan ba, Maiwada. Da na gaya miki tun farko, da kin leƙa, da kuma na kayar da ke." Ya cire hular ƙarfensa, ya ɗan kau da kai. "Akwai wani gida a Balan da aka yi wa kwanon rufinsa fenti kore da fari, da jan layi a tsakiya. Duk ranar da jirgin nan ya wuce, wani dattijo yana tsaye a kan katanga yana ɗaga hularsa, ke kuma kina cikin labule, shi ne nake kaɗa fikafikan jirgin, hagu da dama, in amsa masa gaisuwar a madadinki."