Wayon Gidan Manzo

Ranar da gardin kumandan, dogarin Baturen mulki, ya iso Deule neman yaran lakwal, wato makarantar boko, iyaye suka yi ta cusa ƴaƴansu cikin rumbuna. Manzo ko motsi bai yi ba. Shi ɓuya ba aikinsa ba ne, dabara yake yi. Ai shi ne ya daɗe yana ɗingishi don kada a kai shi aikin hanya, har wani lokaci yakan manta ƙafar da ke ciwon.

Aka ɗauki ɗansa Alƙasim, tare da Ɗantala, ɗan maƙwabcinsa Bawa. Alƙasim ne kaɗai namiji a gidan. Shekarar 1941 ce, ana yaƙi a ƙasar Nasara, kowa kuma cewa yake daga lakwal sai soja. Tabawa, uwar yaron, ta ƙi ci ta ƙi sha.

Manzo kuwa ya riga ya sha labari a kasuwar Buza. Duk yaron da kansa ba ya ɗauka, mushe, wato malamin lakwal, yakan sallame shi kafin damina, a kawo wani. Sai ya ja ɗansa bayan gida.

"Saurara da kyau," in ji shi. "In anka tambaye ka, ka ba da amsar banza. In anka ce dama, ka yi hagu. Ka zan daƙiƙi hal ruwa shi sauka, ka dawo mu yi shibka."

Yaron ya ce to, aka aza shi bisa jaki sai Madawa.

Abin da Manzo bai lissafa ba shi ne, daga Buza har Keita babu uban da bai yi wa ɗansa wannan huɗubar ba. Aji ya cika maƙil da daƙiƙai. Manyan yaran ma suka kafa tasu doka a ƙarƙashin ta mushe: wanda ya kuskura ya ba da amsa daidai, zai gamu da su a bayan katanga.

Shi ma mushen ba yau ya fara ba. Yakan laɓe lokacin wasa ya saurara. Yakan ajiye ƙwayar sukari bisa tebur ga duk wanda ya rubuta harafi ɗaya. A haka ya yi ta kama su ɗaya bayan ɗaya. Ɗantala ya shiga hannu ranar da aka ji shi yana kwaikwayon Faransancin mushe tiryan-tiryan don ya ba abokai dariya. Aka yi masa aski, aka sa masa kaki, aka dasa shi a bencin gaba. Bawa da ya ji, sai da ya kwana biyu bai fita masallaci ba.

Hankalin Manzo ya tashi. Ran kasuwar Madawa ya ɗaure jakinsa, ya lallaɓa ya leƙa ta tagar aji. Mushe na nuna wani harafi a babban allo, kowa ya sunkuyar da kai. Hannu ɗaya ne tak a sama, na Alƙasim. Yaron ya miƙe, gumi na tsatso masa, ya motsa baki, sannan ya saki amsa. Aji ya kwashe da dariya, mushe ya dafe kai.

Manzo ya ji kamar ya yi guɗa. Shi dai amsar banza kawai ya ce a bayar, ɗaga hannu da gumin nan yaron ne ya ƙara da basirarsa. Da aka fito wasa ma, ga shi can ƙarƙashin aduwa shi kaɗai, rungume da ƙaramin allonsa, yana zane yana gogewa, ko da mushe na laɓe. Wani babban yaro ya shaida wa Manzo cewa ɗansa ba a taɓa dukansa a bayan katanga ba, shi ma suke nuna wa sababbi su koya.

Gajimare ya fara haɗuwa aka aiko kiran Manzo. Mushe ya dube shi da idon tausayi.

"Na gwada shi ta kowace hanya," ya ce. "Ka tafi da ɗanka, Allah ya ba shi sa'ar noma."

Alƙasim ya rungume ƙafar benci ya fashe da kuka, sai da gardi ya ɓamɓare shi. Manzo ya sunkuya ya raɗa masa, "Ya isa hakanan, kak ka ɓata muna aiki."

A Deule Tabawa ta dama fura har ta raba wa maƙwabta. Manzo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana karɓar barka, yana maimaita labarin taga, kowane zagaye gumin na ƙara yawa. Ya ce yaro kam shi ya gado, kai ɗaya ne da su. Iyayen da ke tsoron baɗi suka zo da ƴaƴansu, suna roƙon a ɗan koya musu. Har Bawa ya zo, riƙe da hannun ƙanen Ɗantala, yana haɗiye baƙin ciki.

Manzo ya miƙe da faɗin rai ya shiga kiran gwanin. Daf da zanan madafa ya tsaya, don ya jiyo sheshsheka da muryar Tabawa tana lallashi.

"To mi ne na kuka, ba ga ka gida ba?"

"Inna, don Allah kak ki gaya ma Baba," in ji Alƙasim. "Ko rana guda ban bi maganatai ba. Ni so nike in zamna lakwal, iyakar ƙoƙarina ke nan niy yi."